Yadda ake magance wutar ABS kafin a kai mota gwajin VIO

Na sha ganin wannan a gareji. Mutum ya yi wata shida wutar ABS (na'urar da ke hana taya cijewa a birki) mai ruwan ɗorawa tana kunne a dashbod ɗinsa har ido ya saba, sai ana jibi zai je sabunta takardar lafiyar mota sannan hankalinsa ya tashi. Ya ruga wurin mai gyaran wayar mota yana cewa, "Oga, don Allah ka kashe min wutar nan." Shi kuma ya cire ƙwan, ko ya manna baƙin salatif ta ciki, ko ya haɗa wayarta da ta wutar mai don su kama tare su mutu tare. Jami'in VIO, wato masu duba lafiyar mota, da ya san aikinsa yana murɗa makulli dashbod yake kallo. Lafiyayyar mota wutar ABS ɗinta takan kama na daƙiƙa 2 zuwa 4 sannan ta ɗauke da kanta. Wadda ba ta kama ba sam ta tona asirin mai ita. Saboda haka ka fara aikin nan saura mako biyu, don kayan gyara kan ba da wahalar samu.

Da farko ka tantance wace wuta ce. Idan mai ruwan ɗorawa ce kaɗai, birkinka na yau da kullum yana nan, abin da ka rasa shi ne na'urar da ke hana taya cijewa idan ka taka da ƙarfi, wadda ke ba ka damar juya sitiyari kana cikin birki. Idan kuwa jar wutar birki ta kama tare da ita alhali ka sauke birkin hannu, ajiye motar. Buɗe bonet ka duba man birki. In ya yi ƙasa, ko dai fad ya cinye ko akwai inda yake yoyo, kuma ƙara mai ba ya rufe yoyo. Wanda aka rubuta a murfin za ka zuba, DOT 3 ko DOT 4.

Na biyu batir. Mutane na raina wannan, alhali kwamfutar ABS ba ta jure raunin wuta. A sa mita: mota a kashe ya nuna kusan 12.6, inji na aiki ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In ƙasa da haka ne a duba altaneta da kan batir. A duba fiyus ɗin ABS a akwatin da ke cikin bonet, sannan wani ya tsaya a baya ka taka birki ya ga ko danja na kamawa, domin makunnin da ke bayan fedal ma yakan jawo wannan wuta. Duk wannan bai kai minti 15 ba, kuma kusan kyauta ne.

Na uku a sa kwamfuta. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16. Amma ƙaramar na'urar nan mai araha da ake haɗawa da wayar salula yawanci inji kawai take karantawa, za ta ce maka babu matsala ga wuta kuma tana kallonka. Ka tambayi mai na'urar kai tsaye ko tasa tana shiga sashen ABS. In ya fito da lambar matsalar, ka ɗauki hotonta kafin ya taɓa komai. Doka ce a wurina: ba a goge lambar da ba a rubuta ba. A Toyota, C0200 tayar gaba ce ta dama, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu, C1241 kuma raunin wuta ne.

A nan ne akasarin mutane ke zubar da kuɗi. Lambar ta nuna maka tayar da ke da matsala, ba ta ce sensa, wato na'urar da ke auna gudun tayar, ta mutu ba. Abu uku ne ke aiki a kowace taya: sensar, wayarta, da zoben da take karantawa. Sai ka ga an sayi sabuwar sensa an ɗaura, wuta na nan, a ce ai jabu ce, a sake sayo wata. Maimakon haka ka sa mai na'urar ya zauna a gefenka, ya buɗe inda ake ganin gudun tayoyi huɗu a lokaci guda, ka ja motar a hankali kamar gudun kilomita 20 zuwa 30 a awa. Uku za su tafi tare. Wadda ta tsaya a sifili ko take tsalle-tsalle, ita za a kwance.

A ɗaga motar, a sa mata abin tokare, kada a dogara da jak kaɗai. Bi wayar da hannu tun daga taya har inda ta shige jikin mota. Hanyoyinmu da ramuka da kwatami sukan sa ta goga da shokazoba har ta tsinke ta ciki, roba kuma lafiya lau a ido. Ɓera ma yana ci. Cire soket ka ga ko ya yi kore, musamman bayan damina ko in masu wankin mota sun saba harba ruwa cikin taya. Sensar kanta ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita, a jiƙa ta da man kwance tsatsa a murɗa a hankali, don in ta karye a cikin ramin an shiga wani aikin. Sau da yawa garin ƙarfe da laka ne suka lulluɓe bakinta, tsumma ya wadatar.

To, zoben. A nan na ci tawa wahalar, shi ya sa zan daɗe a kai. Iri biyu ne. Tsofaffin motoci zobe ne mai haƙora a kan shaf, ana ganinsa da ido. Tsatsa kan fasa shi, ko a canja shaf a kawo wanda yawan haƙoransa bai yi daidai da na asali ba, ko ma marar zobe gaba ɗaya. Duk wanda zai sayi shaf a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, ya tafi da tsohon a hannu ya ƙirga haƙoran a gaban mai shago.

Iri na biyu ba a ganinsa, don maganaɗisu ne da aka saka a cikin robar gefe ɗaya na boris. Motata Honda Accord ce ta 2004, wadda ake kira EOD, kuma haka boris ɗinta na gaba yake. Ya fara kuka na kai aka canja, na fito gareji ko kwanar farko ban sha ba wuta ta kama. Na koma, bakaniken ya ce, "Alhaji, ai wannan aikin waya ne, ba ruwan boris." Na sayi sensa. Na biya aka bi waya. Har an fara yi min maganar canja famfon ABS ɗungurungum, sai wani dattijon bakanike da ke gefe ya tambaya, "Yaushe ta fara?" Na ce ranar da aka sa boris. Ya yi murmushi ya ce wa yaron shagon, "Kai, wane gefe ka tura ciki?" Ashe an juya shi, gefen maganaɗisun yana kallon waje, sensa na karanta ƙarfe zalla. Abin takaicin shi ne boris ɗin da aka matse da inji ba ya fita lafiya, dole na sayi wani sabo.

Tun daga ranar, kafin a ɗaura boris nakan karɓe shi in kawo allura ko ɗan ƙaramin ƙarfen maƙale takarda kusa da kowane gefe. Gefen da ya ja shi, shi ne zai kalli sensa, wato cikin mota. Kada a kusanto da babban maganaɗisu irin na lasifika, yana lalata shi. Kada a buga shi da guduma, a kai inda ake matsewa. Kuma ka tambayi kanka abin da dattijon nan ya tambaye ni: me aka taɓa a motar kafin wutar ta kama? Boris, shaf, shokazoba, ko taya da mai faci ya sa wadda girmanta ya bambanta da sauran? Rabin amsar tana nan.

Batun sayen sensa, ni na fi son ta Beljiyam, wato ta hannu da aka cire daga irin motar, a kan sabuwa marar suna, amma da sharaɗin in ba ta yi ba za a mayar. Ta dama da ta hagu sukan bambanta, ka duba lambar jikinta. A wasu motocin, kamar Corolla da yawa, sensar baya a manne take da boris, tare ake sayensu.

Famfon da kwamfutarsa su ne ƙarshen abin zargi. In har an kai nan, na Beljiyam mai lamba iri ɗaya za a nema, a fitar da iska daga layin birki bayan an ɗaura, wasu motocin kuma sai an saita shi da na'ura.

Bayan gyara a goge lambar, ka kashe mota ka sake kunnawa, ka ga wuta ta kama ta ɗauke. Wasu motocin sai sun ɗan yi gudu take mutuwa. Nemi hanyar ɓurji da babu kowa, ka kai gudun kilomita 30 ko 40 a awa ka taka birki da ƙarfi. Fedal zai yi ta bugun tafin ƙafarka da ƙara kamar ana niƙa, kada ka saki, aikinsa ke nan. Ka yi kwana 2 ko 3 kana hawa, har da hanya mai gargada, don waya mai tsinkewa ta ciki sai an girgiza ta take nuna hali. A cibiyoyin gwaji da na'ura irin na Legas da Abuja ana ɗora tayoyi a kan rola a auna ƙarfin birkin kowane gefe, don haka tunda an riga an cire taya, a duba kaurin fad, a saita birkin hannu, a daidaita iskar tayoyi huɗun da safiyar ranar.