Mai shan amiodarone, a kula da gudawa

'Yan uwa na Gusau da kewaye, in akwai dattijo a gida da likita ya ɗora kan amiodarone, maganin daidaita bugun zuciya, ga shawara. Zuciya da 'yar wutar lantarkinta take bugawa. Maganin nan yana toshe ƙofofin fotasiyam (wani sinadarin gishiri na jiki) a tsokarta, sai ta ɗan jinkirta kafin bugu na gaba, da haka bugun da ya rikice ke daidaita. To amma gudawa da amai, musamman da damina, suna zubar da fotasiyam, jinkirin ya wuce kima, bugun ya birkice har mutum ya suma. Don Allah in gudawa ko amai ya kama shi, kada a tsaya jiƙa sassaƙe. A ba Baba ORS, a garzaya asibiti a yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya, a tafi da kwalin maganin.