Yadda za ki juya galan zuwa fayint in kina haɗa yogot

Jiya wata ƙanwata a Anguwan Rogo da ke Jos ta kira ni wai ta ga haɗin yogot a YouTube, baturiyar tana ta cewa galan da fayint, wato ma'aunan ruwa na Turawa, ita kuma kofin awo na lita gare ta. To ga yadda ake yi.

Da farko ki riƙe wannan: galan 1 fayint 8 ne. In an ba ki galan, ki ninka da 8, galan 2 fayint 16 kenan, rabin galan fayint 4. In kuma fayint aka ba ki sai ki raba da 8, fayint 24 galan 3.

Na biyu, nan ne fa ake tafka asara, ki duba mai bidiyon 'yar ina ce don galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, fayint ɗinsu mililita 473, na Ingila kuwa galan lita 4.546, fayint mililita 568, kin ga kusan kofin shayi uku ne tsakanin galan biyun, madara kuma yanzu ba araha ba.

Na uku, don Allah kar ki ɗauko robar nan da muke ce wa galan a kasuwar Terminus ki ce da ita za ki auna, wata lita 4 ce wata 5. Ki auna ruwa galan ɗaya da kofin awo ki zuba a ciki tukuna, ki ja layi da alƙalamin maka a inda ruwan ya tsaya.