Yadda Ake Haɗa Gahawar Esfireso a Gida

Esfireso gahawa ce mai kauri ta ƙasar Italiya, wadda ake samu idan inji ya tura ruwan zafi ta cikin niƙaƙƙen gari da matsin da ya kai kimanin bar 9. Nescafé ɗin da aka saba gani a teburin mai shayi a Samaru ko Tudun Wada narkewa yake yi, saboda haka ba ya wannan aiki. Gasassun 'ya'yan gahawa ake nema waɗanda ba a daɗe da gasa su ba, kamar arabika da ake nomawa a tsaunin Mambilla.

Niƙa ce kan gaba, kuma a ganina gara mutum ya zuba kuɗinsa a injin niƙa mai kyau da ya sayi injin dafawa mai tsada. A niƙa daf da lokacin sha, garin ya ɗan fi gishiri laushi amma kada ya kai fulawa, kuma kada a kusanci abin da aka taɓa niƙa yaji da shi, domin gahawa tana kwasar ƙanshin duk abin da ta taɓa.

A auna giram 18 a sikeli, a zuba a kwandon injin, a baje, sannan a danne shi daidai ba tare da wani gefe ya karkata ba, don ruwa yakan bi inda ya fi sauƙi ya bar sauran garin. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 90 da 96. Abin da ake so shi ne giram 36 su sauko cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, da kumfa ruwan ƙasa a sama. Idan ta kwararo da sauri kuma ta yi tsami, a ƙara laushin niƙa. Idan ɗiga kawai take yi ga ɗaci, a rage. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, kuma saitin da ya yi daidai da damina yakan buƙaci gyara idan hunturun Zariya ya busar da iska.

Saura maganar wuta. Yawancin injinan nan suna jan fiye da wat 1,000, abin da ƙaramin janareto ba ya ɗauka. Ga mai matsalar wuta akwai tukunyar moka, ƙaramar tukunyar gahawa mai hawa biyu wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, a kan gas ake ɗora ta; matsinta bai kai na esfireso na ainihi ba, amma gahawarta tana da ƙarfi. Ita ba a danne mata gari, ruwan kuma ya tsaya ƙasa da bawul, wato ɗan mafitar tururi da ke jikin hawan ƙasa, a rage wuta, a sauke da zarar ta fara gurnani.