Gwajin rukunin jini a kan tayil: yadda ake yi da inda ake tuntuɓe

Abin da likita Karl Landsteiner ya gani a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 1901 shi ne har yau ma'aikacin ɗakin gwaji yake nema a kan farin tayil: jajayen ƙwayoyin jinin wani suna curewa idan suka haɗu da ruwan jinin da bai dace da su ba. Da wannan ya ware rukunoni uku da yanzu ake kira A, B da O, abokan aikinsa biyu suka gano AB a 1902. Ya samu kyautar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita aka keɓe wa masu ba da gudummawar jini a duniya.

Kafin komai, a fito da kwalaben sinadaran gwajin guda uku, wato anti-A, anti-B da anti-D, waɗanda kowannensu ke cure jinin da ke ɗauke da alamar harafinsa, daga firji, inda ake ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, a bar su su huce. Anti-A shuɗi ne, anti-B rawaya, anti-D kuwa galibi ba shi da launi. A duba ranar lalacewarsu, a gwada su da jinin da aka riga aka san rukuninsa. Wanda ya gurɓace, a zubar.

A raba tayil gida uku, kowane sinadari da gidansa, a rubuta alamar kowane gida. Sinadari ake fara ɗigawa, ɗigo ɗaya, sannan ɗigon jini a gefensa. In aka fara da jini, jan zai rufe, ba a gane gidan da aka manta. Kowane gida da tsinkensa. A gauraya ya yi faɗin santimita 2, a riƙa karkata tayil a hankali ƙarƙashin haske, a karanta cikin minti 2. Curewar gaskiya tana fitowa gudaji-gudaji, ruwan da ke tsakani ya washe. Ya cure a anti-A kaɗai, A ne. A anti-B kaɗai, B. A duka biyun, AB. Babu ko ɗaya, O. Curewa a anti-D na nufin rukunin fozitib ne, kamar A+ ko O+.

Jira shi ne babban mai yaudara. Bayan minti biyun gefen ɗigon ya fara bushewa, ya yi tsaki-tsaki kamar curewa, sai a rubuta wa mai O cewa AB ne. Wani lokacin kuma ƙwayoyin suna jeruwa kamar tarin sulalla, musamman ga mai yawan furotin a jini. A ɗiga ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari: jerin sulalla zai watse, curewar gaskiya ba ta watsewa. Jini in ya yi wa sinadari yawa, curewar kan yi rauni har ta ɓace wa ido.

Sakamakon tayil bai isa a ɗaura wa mutum ledar jini ba. Sai an juya gwajin, a haɗa ruwan jininsa da sanannun ƙwayoyin A da na B. Mai A, na B ne za su cure. Ba a yin wannan ga jaririn da bai kai wata 4 ba, don jikinsa bai fara haɗa nasa garkuwar ba. Sannan a haɗa jininsa da na ledar da za a ƙara masa. Sunan majiyyaci da lambarsa kuwa a bakin gadonsa ake rubuta su a jikin kwalbar da aka ɗebi jininsa, nan take bayan ɗiba, kafin a matsa gado na gaba.