Yadda ake gane litar da tanki ke ci, da jarka huɗu da karan dawa

Tankin da ke kan rijiyar burtsatsen ƙauyenmu, can gefen Ringim, na hannu aka sayo, rana ta riga ta cinye rubutun jikinsa. Mai sayarwa ya ce lita 3,000 yake ci. Da bazara ta kankama, tun kafin la'asar famfo ya fara tari, sai gardama ta kaure: wasu su ce sola ce ta yi sanyi, wasu su ce 'yan ga-ruwa ne ke kwashewa. Ga yadda muka auna shi, kai ma za ka iya.

Dabarar ta dogara ne kan abu ɗaya. Tanki mai siffar duro, in yana tsaye, faɗinsa ɗaya ne daga gindi har kafaɗa, don haka kowace jarka da ka juye daidai take ɗaga ruwan da wadda ta gabace ta.

Da farko ka kashe injin, ka rufe famfo. Kada ka fara da busasshen tanki. Bari ruwa ya rufe gindin tukuna, domin ƙasan tankin roba ba shafaffe ba ne. Nemi miƙaƙƙen karan dawa ko gora, ka wanke shi, tunda ruwan sha ne. Zura shi ta murfi har ya taɓa ƙasa, a tsaye ƙyam, ka zaro, ka yi shaida da wuƙa a inda jiƙa ta tsaya.

Sai ka juye jarka huɗu masu lita 25, lita 100 ke nan. A nan ake yawan yin kuskure. Jarkar da ta sha rana ta kumbura, aka kuma cika ta har baki, ta wuce lita 25, saboda haka a tsaya a kafaɗarta. Me ya sa huɗu ba ɗaya ba? Jarka ɗaya ba ta ɗaga ruwan fiye da faɗin yatsa ko biyu, in ka kuskure kaɗan lissafin duka ya karkace. Jira ruwan ya daina tangaɗi, ka mayar da karan bayan ya bushe, ka yi shaida ta biyu. Ari tef ɗin tela ka auna tsakaninsu. Mu santimita 9 muka samu.

Yanzu auna tsayin tankin daga waje, daga gindi zuwa bututun da ruwa ke tumbatsa, ba zuwa murfi ba. Namu santimita 180. To in 9 ta ci lita 100, 9 nawa ne a cikin 180? Guda 20. Lita 100 sau 20, lita 2,000, wato jarka 80. An ci mu dubu guda.

Wani malamin firamare ya ce shi sai ya gwada da lissafin makaranta. Faɗin tankin santimita 120, rabinsa 60; 60 sau 60, sau 3.14, sau 180, a raba da 1,000, ya ba shi kimanin lita 2,035. Kaurin roba ya ci ragowar.

Kada ka yar da karan. Tsaga shi da shaida duk bayan santimita 9; in jiƙa ta kai shaida ta bakwai, jarka 28 suka rage, sai ka cire wanda ke kwance ƙasa da bakin famfo, don shi ba ya fita.

In za ku sayi wani, ku dubi faɗi fiye da tsayi. Ninka tsayi sau biyu, ruwa ya ninku sau biyu. Ninka faɗi sau biyu, ruwa ya ninku sau huɗu. Tankin da aka kwantar kuwa, irin na motar tanka, kara ba ya masa aiki haka, domin cikinsa ya fi sama da ƙasansa faɗi.