Darasi Na 7: Goge Suna Kaɗai Ba Ya Rufe Sirrin Marar Lafiya

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san ana buɗe masa fayil, a rubuta sunansa da shekarunsa da inda yake zaune da ciwon da ya kawo shi har da maganin da aka ba shi. To wannan fayil ɗin fa ba likita kaɗai ke buƙatarsa ba, masu bincike ma suna nema, don da shi ake gane wace cuta ke yaɗuwa a ina, wane magani ke aiki wanne ne ba ya yi. Amma ciwo sirri ne, ba wanda zai so maƙwabcinsa ko ubangidansa a wurin aiki ya ji yana ɗauke da cutar ƙanjamau.

Sai ka ji ana cewa ai abu mai sauƙi ne, a goge suna shi ke nan. Ina! A shekarun 1990 a jihar Massachusetts ta Amurka an ba masu bincike bayanan asibiti na ma'aikatan jihar bayan an cire sunaye, sai wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta samo rajistar masu zaɓe ta jera su gefe da gefe. Abu 3 kawai ta bi: ranar haihuwa, namiji ne ko mace, da lambar gidan waya ta unguwa. A garin da gwamnan jihar William Weld yake, mutum 6 ne suka haɗa ranar haihuwa da shi, 3 ne maza, shi kaɗai ne a unguwarsu. Fayil ɗin gwamna sukutum ya fito fili.

Yanzu a Amurka dokar HIPAA, wadda ke kare sirrin bayanan lafiya, ta lissafa abubuwa 18 da ake cirewa, ciki har da lambar waya da hoton fuska, ranar haihuwa kuma shekara kawai ake bari, waɗanda suka haura 89 a haɗa su rukuni ɗaya tunda ba su da yawa.

Sai dai kuma in aka cika gogewa bayanan sun tashi daga aiki. Mai binciken ciwon jarirai in ka ba shi shekara kawai wallahi ka cuce shi, don a wurinsa ɗan kwana 3 da ɗan wata 8 ba ɗaya ba ne. Irin wannan gara a bar masa kwanakin, amma ya sa hannu a yarjejeniya, ya yi aikin a kwamfutar da ba a fitar da komai daga cikinta.

Aikin gida: rubuta abubuwa 5 da ke jikin katinka na asibiti, ka ja layi ƙarƙashin waɗanda za a iya gane ka da su ko ba sunanka.