Yadda ake lissafa nauyin kwatance na allon saƙar zuma

Nauyin kwatance shi ne nauyin allon idan aka kwatanta shi da na tsantsar alminiyum mai girma ɗaya da shi. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba ya buƙatar komai a wannan aiki sai sikeli da ma'aunin tsawo.

Da farko a yanko allon alminiyum mai ramuka irin na saƙar zuma, a auna tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, sannan a ninka su domin samun girmansa, har da ramukan. A kakkaɓe ƙurar hunturu da ta maƙale ciki, domin tana ƙara nauyi, kafin a ɗora shi a sikeli. Sai a raba nauyin da girman.

Daga nan a raba sakamakon da na tsantsar alminiyum, wato kilo 2,700 a kowace kubik mita. Idan allon ya ba da kilo 54 a kowace kubik mita, amsar ita ce 0.02.